Shekarar da Na Ɗaure Hannun Innarku

A wajen wani suna a Kudan na ji maganar da ta sa nake rubuta wannan babi, da ban yi niyyar taɓa shi ba. Muna zaune a ƙofar gida ana rabon goro, wasu mata biyu suka zo shiga, ɗaya ta zunguri ɗaya ta ce ai wancan ne Alhajin da ya ɗaure matarsa tana jinya. Ta ɗauka kunnena ya tsufa. Ban san matar ba, kuma ba ta dame ni ba. Abin da ya tafasa mini zuciya shi ne biyu daga cikinku suna kan tabarma ɗaya da ni, sun ji, suka sunkuyar da kai kamar waɗanda aka tona wa asiri. A nan na gane ku ma abin da kuke riƙe da shi ke nan tun kuna ƙanana. Innarku, Allah ya jiƙanta, ba ta nan balle ta faɗa muku da bakinta. To ni zan faɗa. Na ɗaure ta, ba na musu. Ku karanta har ƙarshe kafin ku sake sunkuyar da kai a gabana.

Kun san ni ba ɗan boko ba ne, ba kuma malami ba. Daga Dandamisa na shigo Makarfi ina sayar da rake gaɓa-gaɓa a bakin titi, har Allah ya kai ni ina sayen gona sukutum tun raken yana tsaye, in sa a sare, in yi lodi zuwa Kano da kudu. Abin da sana'ar nan ta cusa mini a kai shi ne kayan da aka sare ba ya jiran kowa. In ka bar shi a ƙasa yana shan rana kana gaishe-gaishe, ruwansa zai tafi, kuma ba ka da hanyar mayar da shi. Da wannan idon nake kallon duniya, da shi kuma na kalli ciwon Innarku.

Ana tsakiyar sara abin ya same ta. Da safe ne, tana dama koko, ƙwaryar da ta riƙe da hagu ta suɓuce, bakinta ya karkace. Hawan jini ne da ta daɗe tana wasa da maganinsa. Na ɗauke ta zuwa asibiti a Zariya, suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren hagu. Allah ya taimaka, magana ta dawo, ƙafar ma ta fara takawa da sanda kafin a sallame mu. Hannun ne ya rage yana lilo a gefenta kamar ba nata ba. Da muka dawo gida masu dubiya suka cika ɗaki, kuma duk wanda ya shigo, mace ko namiji, magana ɗaya yake yi: an gode Allah da ba dama ba ce. Sun faɗa har na fara jin kamar in kore su da tsintsiya. Ina so ku tsaya ku yi tunani, ku da kuke da hannu biyu. Da wane hannu kuke tsarki? Da wane hannu mace take riƙe bakin zane in za ta ɗaura? Mun saba raina hagu, ba ma ba da abu da shi, ba ma karɓa da shi, har mun manta shi ne hannun da yake rufa wa mutum asiri a bayan gida. Innarku macen da ko tari ba ta so a ji ta yi, ita ce ta koma sai an raka ta makewayi, an tsaya a kanta, an wanke ta. Kuma wadda take wannan aikin babbarku ce, da ta baro gidan mijinta a Ikara ta zo jinya.

Asibitin sun haɗa mu da likitar gashin ƙashi, mai motsa gaɓoɓi, wata yarinyar mace Bazazzagiya, ba ta da yawan dariya. Ta kama hannun ta ce Innarku ta ɗaga wuyansa, ta buɗe yatsu. Suka motsa kaɗan, motsin da in ba ka zuba ido ba ba za ka gani ba. Likitar ta ce wannan ɗan motsin shi ne abin da za a gina a kai. Ta yi mana bayani dalla-dalla, kuma na riƙe shi don ya yi daidai da hankalina. Ta ce masu bincike a fanninsu yanzu sun gano ƙwaƙwalwa tana iya buɗe wata hanya a madadin wadda ta toshe, amma sai an matsa mata da maimaita aiki, kuma a watannin farko ne ta fi saurin koyo. Ta ce in hannu mai lafiya yana yin komai, ƙwaƙwalwa sai ta daina aiken maras lafiyar, ta cire shi daga lissafi, daga nan ya ƙanƙame. Don haka ga irin su Innarku da ke da ɗan motsi, akwai dabarar rufe hannu mai lafiya yawancin yini, a bar maras lafiyar ya yi ta fama. Ana cirewa in za a yi sallah, in za a yi tafiya da sanda, in za a kwanta. Ta fito da wata safar hannu mai kauri wadda ba ta da yatsu, ana ɗaure ta a wuyan hannu. Ta tambayi Innarku, ba ni ba, ko ta yarda. Innarku ta ce ta yarda. Ku riƙe wannan, a gabana aka yi. Sannan likitar ta juyo gare ni.

"Alhaji, za ta yi kuka, za ta zage ka. Wannan ba komai. Masu tausayi su ne matsalata. Za ka iya da su?"

Na ce mata na iya da direbobin tirela da 'yan kamasho, balle masu zuwa dubiya da lemo a leda. Ashe ban san su ba.

Ranar farko da na ɗaura mata safar a gida, Innarku ta ɗaga dunƙulallen hannun ta juya shi, ta ce ta zama ɗan dambe, in kira mata makaɗa, kuma da ni za a fara karawa. Haka muka fara. Na bar wa yaran aikina lodi, ba na fita sai hantsi. In zuba wake a ƙwarya, ta kwashe shi da hagu zuwa wata ƙwaryar, ƙwaya-ƙwaya. Ta murɗa murfin kwalba. Ta tura kofi, ta jawo shi. Likitar tana turo mini hoton bidiyo a waya, ni ma in ɗauki na Innarku in tura mata. Abin da ya fi wuya shi ne cin abinci, don likitar ta ce shi ma da hagun za a yi. Loma takan faɗi kafin ta kai baki, miya ta zubo mata a ƙirji. Takan yi kuka, kukan takaici, ta kira ni azzalumi, ta ce dama mai sayar da rake ina ya san tausayi, shi da ya saba sara. In na ce to in kwance safar, sai ta harare ni ta ce wa ya aike ni. Kuma abin yana ci gaba. Da idona na ga ta ɗaga kofi da ɗan ruwa a ciki har bakinta, ta ajiye bai zube ba. Ranar ta hana kowa wanke kofin har yamma, don a nuna wa duk wanda ya shigo.

Babbarku ba ta taɓa son abin ba. Ba ta faɗa mini a fuska, amma in na juya baya sai ta ɗauki cokali ta ba uwar a baki, ta ce ai ta gaji. Na yi mata faɗa, ta ci gaba. Wata rana na tafi Kudan, an sare mini gona kuma motar da za ta ɗauka ta lalace, dole in je da kaina. A ranar matan Gazara suka zo dubiya, dangin Innarku, mota guda. Suka tarar da ita a tsakar gida, hannun dama a ɗaure, tana bin tuwo da hagu, gaban rigarta duk miya, hawaye a fuskarta. Aka ɗauki salati. Babbarku ta shiga ɗaki ta buga wa kawunku Malam waya. Kafin la'asar ya zo da mota ya tafi da ƙanwarsa, ya bar mini sallahu cewa za ta ɗan huta kwana biyu a gida. Na dawo na tarar da safar a jefe kan turmi.

Ku da kuka taso kuna jin sunansa kawai, bari in gaya muku wane ne kawunku. Shi ne babban wan Innarku, shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya ba ni aurenta. Malami ne na gaske, gidansu gidan karatu ne tun kakanni, ni kuma ɗan rake ne da aka yi wa alfarma. A al'adarmu mace in ta kwanta ciwo danginta suna da ikon ɗaukar ta, kuma miji ba ya zuwa gidan surukai da tsayayyar magana. Don haka na yi abin da ake yi. Na sayi goro na tafi Gazara, na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa a zaure. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi kasuwa, aka tambayi gajiya, aka sake tambayar gida. Da na kai bakin magana sai Malam ya ce a ƙara haƙuri, jiki sai a hankali, ya ɗaga hannu aka yi fatiha. An sallame ni ke nan. Na koma, haka. Na aika liman, na aika aminina, kowa ya dawo da a ƙara haƙuri. Aka gama saran rake, aka yi zafi, hadari ya fara haɗuwa, ina ta durƙuso ina ta kai goro, watannin da likita ta ce su ne na koyo suna ta wucewa.

Kada wani ya ce muku sun wulaƙanta ta a can. Da sun wulaƙanta ta da ya fi mini sauƙi. Gata suka yi mata irin wanda ke kashe mutum. An kwantar da ita a gado mai laushi, an ɗora hannun a kan matashi an lulluɓe shi da mayafi kamar jariri. Ana ba ta abinci a baki, ana shafa mata man zaitun, ana ba ta rubutu. Ban taɓa ƙin rubutu ba, ni ma na sha, kuma na yarda waraka ta Allah ce. Amma ko buta ba sa bari ta taɓa. In ta yunƙura mata uku za su taso. Babbarku ta bi ta can, tana ta hidima ba dare ba rana, kowa yana sa mata albarka. Ni kuwa in an bar ni na shiga gaishe ta, mata cike da ɗaki, sai dai in ce ya jiki, ta ce da sauƙi, tana kallon bango. Ran nan na faki ido na ɗaga mayafin. Yatsun sun fara naɗewa cikin tafin hannu, kafaɗar ta sauko. Na ɗauki hoto na tura wa likitar tun ina cikin mota. Ba ta rubuto ba, kira ta yi. Ta ce in ina son a tsira da wani abu a hannun nan, in kawo ta yanzu, ba bayan Sallah ba.

Washegari na koma Gazara ban sayi goro ba. Na tarar da Malam a kan buzunsa yana ba manyan ɗalibansa karatu. Na gaishe shi gaisuwa ɗaya, na ce na zo tafiya da iyalina. Ya sallami ɗaliban, ya rufe littafi, ya dube ni ya ce 'yar gidan nan ba za a ɗaure ta kamar akuya ba, kuma ba za ta ci abinci da hagu a gaban mutane ba, yana raye.

Na ce, "Malam, a bakinka na ji cewa mai lalura an ɗauke masa. Ko ba ka karantar da haka ba?"

Mutum ne da ba ya ƙarya a kan ilimi, wannan na shaide shi.

"Na karantar," in ji shi. "Ba maganar halal da haram nake yi ba, Alhaji. Mutane sun gani. Me za a ce da gidan nan?"

To kun ji. Wata da watanni ana ce mini haƙuri, ana ce mini ƙaddara, ashe abin da za a ce ne. Na gaya masa mutanen da yake tsoron bakinsu ba su za su zauna da hannun ba. Na ɗaga murya a zauren surukina, abin da ban taɓa yi ba, kuma ban yi nadama ba. Ya ce tun da abin ya kai haka, a kira ta, abin da ta zaɓa shi ke nan. Ya tabbata zai ci, don Innarku ba ta taɓa musa masa ba tun tana yarinya.

Aka fito da ita tana dogara sanda, babbarku tana riƙe da ita, mata sun yi cincirindo a bakin ƙofa. Ta zauna a ƙasa. Malam ya tambaye ta a hankali ko an rage ta da wani abu a gidan nan. Ta ce ba a rage ta da komai ba, Allah ya saka da alheri. Sannan ta ce matan su koma ciki, har da mai riƙe da ita. Kun san Innarku da kunyar 'yar fari: tun da ta haifi babbarku ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da ita a gaban mutane ba. Sai da labule ya sauka ta yi magana, kanta a ƙasa.

"Yaya Malam, yarinyar nan ce take mini tsarki. Wadda ko sunanta ban iya faɗa. Kullum ina rufe ido ina roƙon Allah ya ɗauki raina kafin gobe. Ku kuna ganin kunya a wajen cin tuwo."

Ta zare ɗankwalin da ke kafaɗarta ta ajiye a gabana, ta miƙo mini hannun dama. A gaban wanta na naɗe shi, na ƙulle. Malam ya tashi, ya naɗe buzunsa, ya ce in ta fita ta fita, ya shige cikin gida. Bai sake taka ƙofar gidana ba, ko bikin ɗayanku bai zo ba, har Allah ya yi masa rasuwa. Innarku ta yi kukan wannan fiye da kukan tuwo, don tana son wanta. Abin da ya ci mana ke nan, kuma shi ya sa kuka taso ba ku san hanyar Gazara ba. Daga can maganar ɗauri ta fito ta zaga dangi, kowa ya ƙara mata gishiri, babu wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni, ko ya tambaye ta.

Likitar da ta ga hannun ba ta ɓoye mana ba. Ta ce an yi asara, ba duka zai dawo ba, amma ƙofar ba ta rufe gaba ɗaya ba. Sai da aka fara da miƙar da yatsun da suka ƙage, da ruwan ɗumi da ja, Innarku tana cije leɓe, kafin a koma kan wake da kofi, inda muka riga muka wuce tun kafin a ɗauke ta. Na hana dubiya lokacin aiki. Na sa kujera a ƙofar gida na zauna, duk wadda ta zo in ce Hajiya tana makaranta, a dawo da yamma. An zage ni a Makarfi kamar me. Babbarku ta biyo mu, ta zauna, amma ta daina ɗaukar cokali, kuma ta daina yi mini magana in ba gaisuwa ba. Ban san abin da ta jiyo ta bayan labulen nan ba, ban tambaye ta ba. Babban yatsa ya dawo, manuni ya dawo, na tsakiya ya biyo su da ƙyar. Biyun ƙarshe ba su sake miƙewa ba har ta koma ga Allah. Ku mata da kuka yi mata wanka kun gan su. Waɗannan biyun a kan matashin Gazara aka bar su, kuma ina fushi a kansu har yau, fushin da ban san wanda zan kai wa ba tun da duk wanda ya yi, don so ya yi.

Ana girbin masara, wata safiya ina zaune a tsakar gida ina sa takalmi zan fita, mota tana jira na a Kudan. Innarku ta fito daga ɗaki, babu safa a hannunta, ta ɗauki buta ta nufi makewayi. Babbarku ta miƙe kamar kullum za ta bi ta. Uwar ba ta ko waiwayo ba.

"Ke, zauna."

Ta zauna. Ni ma na kasa ƙarasa sa takalmin. Muka zauna mu biyu ba mai kallon wani, muna jin ƙarar ruwa. Innarku ta daɗe a ciki. Da ta fito zanenta a ɗaure yake, a karkace, amma ita ta ɗaura. Ta ajiye butar, ta wanke hannu, ta zo ta tsaya a kaina tana haki.

"Alhaji, kai da kake ta cika baki da lodi, sakatar ƙofar makewayin nan ta yi tsatsa, ba ta shiga. Ka sa a gyara mini yau."

Na buga wa direba waya na ce ya yi lodin da wanda ya samu. Na shiga kasuwa da ƙafata na nemo kafinta.